Takin da ake haɗawa a tsakiyar teku, da abin da ya haɗa shi da hazon hunturu

A watan Afrilun 2024 mujallar kimiyya ta Science ta buga sakamakon wani bincike da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz suka yi tare da abokan aikinsu na Japan. Sun ce sun gano wata 'yar gansakukar teku da ido ba ya iya gani, wadda ke da wata gaɓa a cikin jikinta mai kama iskar naitirojin ta mayar da ita taki. Kafin a ce kwabo labari ya zaga duniya, yana tafe yana ƙara kitse, har aka kai ga fassara shi da cewa an kusa samun masara da shinkafar da ba ruwansu da yuriya. Wata guda bayan nan, mujallar Nature ta fito da wani binciken daga birnin Bremen na Jamus, cewa an iske dangin bakteriyar da ke zaune a saiwar wake suna wannan aiki a tsakiyar Tekun Atlantika.

Duka binciken biyu na gaske ne. Amma wanda bai san abin da ake nufi da kama naitirojin ba, da dalilin da ya sa masana suka fi shekara sittin suna bin sawunsa a ruwan teku mai ɗumi, zai yi wuya ya raba abin da aka gano da abin da aka ƙara masa.

Mene ne kama naitirojin?

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce. Babu mai rai da zai gina jikinsa ba tare da wannan sinadari ba, domin da shi ake haɗa furotin, da shi ake haɗa ƙwayoyin gado. Sai dai wanda ke cikin iska a kulle yake. Ƙwayoyinsa biyu-biyu suke tafiya, a ɗaure da juna da ɗauri uku, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani a ilimin sinadarai. Mutum na shaƙarsa ya fitar da shi yadda ya shiga. Gero na tsaye a cikinsa dare da rana, amma ganyensa na iya yin rawaya saboda rashinsa.

Kama naitirojin shi ne tsinke wancan ɗauri, a haɗa ƙwayoyin da haidirojin su zama amoniya, wadda tsiro ke iya ci. Ɗan'adam bai iya yin wannan da yawa ba sai da Fritz Haber ya nuna hanyar a 1909, Carl Bosch kuma ya gina masana'antar farko a Oppau ta ƙasar Jamus a 1913. Har gobe ta wannan hanya ake samar da amoniyar da ake yin yuriya da kamfa, kuma tana buƙatar zafi na digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsananin gaske. Shi ya sa farashin taki ke bin farashin iskar gas.

Bakteriya kuwa tana yin wannan aiki cikin ruwa ko ƙasa mai laima, ba tare da wancan zafi da matsi ba, da wani sinadarin aiki da ake kira naitirojines. Manomin da ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga ɗakin aikinta: 'yan dunƙule-dunƙulen nan da ke maƙale a saiwa. In aka fasa ɗaya da farce aka ga cikinsa ja-ja kamar nama, to aiki na tafiya. Jan nan wani furotin ne da shukar ke yi don ya riƙe iskar oksijin, saboda naitirojines ba ya shiri da oksijin ko kaɗan. Da sun haɗu ya lalace. Abu na biyu game da shi, cike yake da sinadarin ƙarfe. Na uku, yana cin ƙarfi sosai. Waɗannan siffofi su ne mabuɗin kusan duk abin da zai biyo baya, domin su ke yanke inda aikin zai yiwu a teku da inda ba zai yiwu ba.

Hamada mai shuɗin ruwa

Wanda ya ga hoton teku a yankin zafi, kusa da layin Ikwaita ko gefensa, da ruwa shuɗi garau har ana hango ƙasa, zai ɗauka albarka ce. A gaskiya wannan shuɗi alamar yunwa ce. Ruwan da ke da abinci kore-kore yake, saboda ƙananan tsirran da ke yawo a cikinsa.

Dalilin yunwar shi ne rana. Tana ɗumama saman ruwa, ruwan ɗumi kuma ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya kwanta a sama kamar mai a kan miya, ya ƙi gauraya da na ƙasa. Duk abin da ya mutu a sama nutsewa yake yi ya ruɓe a can ƙasa, takinsa ya zauna a can. Sai ya zama sama akwai haske babu taki, ƙasa akwai taki babu haske. A gaɓar Muritaniya da Senegal, ko ta Feru, iska na ture ruwan sama, na ƙasa ya taso da takinsa, shi ya sa kifi ya yi yawa a wuraren. A tsakiyar teku babu wannan gata.

Tun 1934 masanin teku Alfred Redfield ya lura cewa ƙananan tsirran teku na buƙatar naitirojin da fosfaras, wani sinadarin taki, a kan wani tsayayyen ma'auni, wanda daga baya aka tsayar a ƙwayar naitirojin kusan 16 ga kowace ƙwayar fosfaras 1. A mafi yawan ruwan zafi naitirojin ne ke fara ƙarewa. Nan ne duk halittar da ta iya kama nata daga iskar da ta narke a ruwa take samun fili, don abokan gasarta sun riga sun galabaita.

Su wa ke aikin?

Wadda aka fi sani ita ce Trichodesmium, wata bakteriya mai haɗa abincinta da hasken rana kamar tsiro. Ƙwayoyinta na jeruwa su zama zare, zaren kuma su taru su yi dami ko su yi curi kamar auduga, har a iya ganinsu da ido. Idan teku ya kwanta babu iska, sai su taso su rufe saman ruwa tsawon kilomitoci masu yawa, har tauraron ɗan'adam na ɗaukar hotonsu. Ma'aikatan jirgin James Cook sun gan ta a gaɓar Ostireliya a 1770, matuƙa jirgin ruwa kuma suka riƙa kiranta garin katakon teku. Charles Darwin ya ci karo da ita kusa da gaɓar Birazil a 1832, ya kwatanta ta da yankakkiyar busasshiyar ciyawa da aka watsa a ruwa. Masanin Jamus Christian Ehrenberg ne ya raɗa mata suna a 1830 bayan ya same ta a Bahar Maliya, kuma akwai masu ganin jan da take sa ruwa ya yi ne ya sa ake kiran tekun da Ja, kamar yadda Larabawa ke cewa Bahrul Ahmar. Sai a 1961 ne Richard Dugdale da abokan aikinsa suka danganta ta da kama naitirojin, a Tekun Sargasso da ke arewacin Atlantika.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, Trichodesmium na yin abu biyu da bai kamata su haɗu ba. Haɗa abinci da hasken rana na fitar da oksijin, ga shi kuma da rana tsaka take kama naitirojin. Bincike ya nuna tana rage fitar da oksijin a sa'o'in da aikin ya fi zafi, tana kuma ƙone wanda ya rage da sauri. Har yanzu ana muhawara a kan ko tana ware wasu ƙwayoyi a cikin zaren domin wannan aiki kaɗai.

Sauran kowacce da dabararta. Crocosphaera, wadda ƙwaya ɗaya ce tak, ta raba aikin gida biyu: da rana ta tara sukari, da dare ta ƙone shi ta kama naitirojin. Wani bincike na 2011 ya gano cewa kullum da asuba tana wargaza naitirojines ɗinta ta kwashe ƙarfen ta sa a kayan aikin rana, da yamma kuma ta mayar, kamar gidan da ke da tukunya ɗaya, a dafa tuwo a juye a ɗora miya. Ta haka take rage buƙatarta ta ƙarfe da kusan kashi 40 cikin ɗari. Richelia kuma haya take shiga a jikin wasu tsirrai masu ɓawon gilashi da ake kira dayatom, ta biya kuɗin haya da taki. An fi samun wannan zama a inda ruwan Kogin Amazon ke malala cikin Atlantika, saboda kogin na kawo fosfaras da silika, sinadarin da dayatom ke gina ɓawonsa da shi.

Sai kuma wadda ta jawo labarin 2024. A 1998 Jonathan Zehr da abokan aikinsa suna tace ruwan teku suna neman ƙwayar gadon da ke gina naitirojines, sai suka ci karo da wata da ba ta dace da kowace halitta da aka sani ba. Suka sa mata lakabin UCYN-A. Shekaru suna ganin sawu ba su ga mai sawun ba. A 2008 aka gano ta rasa ƙwayoyin gadon da ake fitar da oksijin da su, wato ba za ta iya ciyar da kanta yadda danginta masu haɗa abinci da hasken rana ke yi ba. A 2012 aka gano tana rayuwa tare da wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya. Matsalar ita ce ba wanda ya iya rainon gansakukar a ɗakin bincike, sai da wata masaniya 'yar Japan, Kyoko Hagino, ta shafe fiye da shekara goma tana ɗebo ruwa a gaɓar ƙasarta tana gwadawa, kafin ta dace da Braarudosphaera bigelowii mai rayuwa a kwalba.

Da aka samu damar dubawa da kyau, sai aka ga abin ya wuce zaman haya. Duk lokacin da gansakukar za ta rabu biyu, UCYN-A ma na rabuwa daidai lokacin, kowace 'ya ta tafi da guda. Kusan rabin furotin ɗin da ke cikinta kuma uwar ɗakin ce ke ƙera su ta aika mata. Halittar da ta kai wannan mataki ta daina zama baƙuwa, ta zama gaɓa, kamar yadda koren abin da ke cikin ganye ya samo asali daga bakteriyar da aka haɗiye tun farkon zamani. Aka sa wa sabuwar gaɓar suna naitiroplast, aka kuma ƙiyasta cewa zaman ya fara ne kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Wannan ne karon farko da aka ga wata halitta da ba bakteriya ba ko danginta tana kama naitirojin da gaɓar kanta.

Binciken Bremen ya buɗe wata ƙofar. An daɗe ana samun ƙwayar gadon naitirojines ta bakteriyar da ba ta amfani da hasken rana a ruwan teku, ba a san ko suna aiki da ita ba. Masana Cibiyar Max Planck suka iske ɗaya daga cikinsu zaune a cikin wani dayatom mai suna Haslea a Atlantika mai zafi, kuma 'yar dangin Rhizobia ce, zuriyar da ke saiwar wake da gyaɗa.

Ƙarfe daga Sahara

Tunda naitirojin na narke a ko'ina a teku, me ya hana waɗannan halittu cika duk ruwan zafi? Amsar da aka fi yarda da ita ita ce ƙarfe da fosfaras. Ƙarfe ba ya zama a narke cikin ruwan gishiri mai oksijin. Tsatsa yake yi ya nutse. A tsakiyar teku, nesa da kowane kogi, babbar hanyar samunsa ita ce ta sama.

Nan ne zancen ya zo ƙofar gidanmu. Hazon da ke rufe Kano da Damagaram da Maraɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ke sa a soke tashin jirage, leɓe ya tsage, a share tebur da safe a dawo da azahar a iske ya yi fari, wani kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi. Wurin tsohon gindin tafki ne, daga zamanin da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa, kuma iskar da ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ce ke kwasar ƙurarsa. Ƙurar da ba ta sauka a kanmu ba, tare da wadda ke tashi daga hamadar Mali da Muritaniya, teku take nufa. Wani ƙiyasi da masana hukumar NASA suka fitar a 2015, daga awon tauraron ɗan'adam, ya ce kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara kowace shekara, kusan tan miliyan 28 kuma na sauka a yankin Amazon. Mai yawa daga sauran a ruwa take faɗawa. An taɓa ɗaukar Bodele a matsayin babban tushen ƙurar da ke tsallaka teku, amma binciken baya-bayan nan ya fi ba hamadar El Djouf, tsakanin Muritaniya da Mali, wannan matsayi, bisa hujjar cewa ƙurar Bodele na yawan sauka tun kafin ta yi nisa.

A wani bincike da aka buga a 2004, wasu masana sun ɗebi ruwa a gabashin Atlantika mai zafi suka zuba a kwalabe, wasu suka ƙara musu ƙarfe, wasu fosfaras, wasu duka biyun, wasu kuma ƙurar Sahara. Kama naitirojin ya ƙaru ne sosai inda aka haɗa biyun, haka ma inda aka zuba ƙurar, domin tana ɗauke da su duka. Awon da aka yi daga arewa zuwa kudancin Atlantika ya ƙara ƙarfafa wannan: arewa da Ikwaita, ƙarƙashin hanyar ƙura, Trichodesmium ta yi yawa har ta kusa cinye fosfaras ɗin ruwan, kudu, inda ƙura ba ta kaiwa sosai, fosfaras na nan a ajiye amma aikin kaɗan ne.

Masana da ke aiki a mashigin Aƙaba na Bahar Maliya sun kalli yadda abin ke faruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Idan ƙwayar ƙura ta faɗa kan curin Trichodesmium, zaren na motsi suna miƙa ta daga hannu zuwa hannu har tsakiyar curin, inda ake narkar da ita a hankali a tsotse ƙarfen.

Ƙura ba ita kaɗai ba ce. Ɗaya daga cikin wuraren da aka auna aikin ya fi ƙarfi a duniya shi ne kudu maso yammacin Fasifik, tsakanin Sabuwar Kaledoniya da Tonga, inda ƙura ba ta da yawa. Wani bincike da masana Faransa suka jagoranta, aka buga a 2023, ya nuna cewa duwatsu masu aman wuta da ke ƙarƙashin ruwa kusa da Tonga ne ke fesa ƙarfe har ya iso inda haske yake.

Tan nawa? Inda masana suka rabu

Yawancin ƙiyasi na cewa teku na kama naitirojin tsakanin tan miliyan 100 zuwa 200 a shekara, wato kusan daidai da abin da duk masana'antun takin duniya ke samarwa, ko ma fiye. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu babba ce, kuma tana da dalili.

Na farko shi ne awon kansa. Hanyar da aka fi amfani da ita tun wajen 1996 ita ce a cika kwalba da ruwan teku, a tsira mata kumfar wani nau'in naitirojin mai ɗan nauyi da ake iya bin sawunsa, a jira, sannan a duba nawa ya shiga jikin halittun. A 2010 masana a birnin Kiel na Jamus suka nuna cewa kumfar na ɗaukar sa'o'i kafin ta gama narkewa, don haka awon shekaru da yawa ya gaza abin da ke faruwa. A 2012 suka ce ainihin adadin na iya kaiwa kusan ninki biyu. Ba a gama da wannan ba, sai a 2014 wasu masana a Amurka suka gano cewa wasu tulunan iskar da ake saye don gwajin na gurɓace da amoniya da naitiret, wato takin da halittun ke iya ci kai tsaye, abin da zai sa a ga kamar aiki na gudana inda babu shi. Kuskure ɗaya na ragewa, ɗayan na ƙarawa, ga shi kuma jiragen bincike ba su taɓa leƙa mafi yawan teku ba, musamman Tekun Indiya.

Na biyu ya fi zurfi. Kamar yadda wasu halittu ke shigo da naitirojin, wasu na fitar da shi. A wuraren da oksijin ya ƙare a tsakiyar zurfin ruwa, irin Tekun Larabawa da gaɓar Feru da ta yammacin Meziko, da kuma cikin taɓon gindin teku, bakteriya na mayar da takin iska. Tambayar ita ce ko shiga da fita sun yi daidai. Masanin teku Louis Codispoti ya kare ra'ayin cewa fitar ta haura tan miliyan 400 a shekara, wato ko dai teku na asara, ko kuma akwai masu kamawa da yawa da ba a ƙirga ba. Ɗaya ɓangaren na ganin teku na daidaita kansa: duk inda naitirojin ya ragu aka bar rarar fosfaras, masu kamawa na samun riba su yawaita har giɓin ya cike. Toby Tyrrell ya zayyana wannan lissafi a 1999. Paul Falkowski kuwa tun 1997 ya ce daidaiton ba zai yi aiki ba sai da ƙarfe, don haka ƙura ce ke riƙe da linzami.

An gwada ra'ayoyin a ruwa. Wani lissafi na 2007 ya yi hasashen cewa za a samu aikin da ƙarfi dab da wuraren asara, kamar gabashin Fasifik ta kudu. Da jirage suka je suka auna, sai aka samu kaɗan ne, kuma ruwan wurin na fama da ƙarancin ƙarfe. Wannan ya ba masu maganar ƙarfe maki. Amma wani babban lissafi na 2019 ya samu kusan tan miliyan 163 a shekara, da shiga da fita kusan kunnen doki, wanda ya ba masu maganar daidaito nasu makin. Abin da ya fi dacewa da hujjojin da ke hannu shi ne duka biyun na aiki: rarar fosfaras na tasowa a wuri ɗaya, igiyar ruwa ta kai ta dubban kilomitoci, sai inda ta haɗu da ƙarfe a kama naitirojin. Hakan na nufin daidaiton na ɗaukar lokaci mai tsawo, ba abin shekara ɗaya ko goma ba ne.

Idan teku ya ƙara ɗumi

Nan ma ba a kan magana ɗaya ake ba. Gwaje-gwajen David Hutchins da abokan aikinsa sun nuna Trichodesmium na ƙara himma idan iskar kabon ta yawaita. Masana Jami'ar Xiamen ta ƙasar Sin kuma sun nuna a 2017 cewa tsamin da kabon ke sa wa ruwa na rage mata ƙarfi, musamman inda ƙarfe ya yi ƙaranci. Ɗumi zai iya faɗaɗa yankinta zuwa arewa da kudu, ya kuma yi mata yawa a inda ya riga ya yi zafi. Sannan komai na rataye da ƙura, ita kuma tana rataye da ruwan sama da iska a Sahel da Sahara.

Muhimmancin wannan ga yanayi shi ne, naitirojin da aka kama sabon jari ne. Tsirran da suka girma da shi na zuƙe kabon, wani kaso kuma ya nutse da shi. A tashar awo ta ALOHA, kimanin kilomita 100 arewa da tsibirin Oahu na Hawai, inda ake auna ruwa kusan kowane wata tun 1988, an ƙiyasta cewa har kusan rabin sabon naitirojin da ke ciyar da saman ruwan daga masu kamawa yake zuwa.

Abin da ya shafi masunci da manomi

Kifin da ya fi yawa a kasuwannin Afirka ta Yamma, irin sadin na gaɓar Senegal da Gana, ya dogara ne da tasowar ruwan ƙasa, don haka wannan aiki bai taɓa shi kai tsaye ba. Wanda ya fi shafa shi ne kifin tsakiyar teku kamar tuna, domin an bi sawun naitirojin ɗin masu kamawa har cikin ƙananan dabbobin da ke ƙasan jerin abincinsa. Ƙasashen tsibiran Fasifik irin Kiribati da Tuvalu, da kuɗin lasisin kamun tuna ke riƙe da babban kaso na kasafinsu, suna da dalilin sa ido.

Akwai kuma ɓangaren cutarwa. Tun 2011 wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa, Sargassum, ke yin tsiri daga gaɓar Afirka ta Yamma har mashigin Meziko. A Yunin 2018 an ƙiyasta nauyinta ya haura tan miliyan 20, tsawonta kilomita 8,850. Masuntan yammacin Gana na jawo koma su iske ciyawa maimakon kifi, tana naɗe farfelar inji, idan ta ruɓe a bakin ruwa kuma tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, abin da ke korar baƙi daga otal-otal na Karibiyan. An ɗora laifin a kan takin gonaki da sare daji a yankin Amazon, da ƙurar Sahara, da wata baƙuwar iska ta 2009 zuwa 2010 da ta turo irin ciyawar kudu. Wani bincike da aka buga a 2025, wanda ya karanta tarihin naitirojin a jikin murjanin Karibiyan, ya ce fosfaras da ke tasowa a Ikwaita ne ke ciyar da bakteriya masu kama naitirojin da ke zaune a jikin ciyawar, su kuma su ciyar da ita. Bayanin bai kore sauran dalilan gaba ɗaya ba, amma idan ya tabbata, zai taimaka a yi hasashen shekarar da ciyawar za ta yi yawa. A gaɓar yammacin Filorida ma an danganta saukar ƙurar Sahara da yawaitar Trichodesmium, wadda takinta ke ciyar da wata gansakuka mai dafi da ke kashe kifi.

Batun masara mai yin takinta kuwa tsohon buri ne. Tun 1972 Ray Dixon da John Postgate suka yi nasarar ɗauke ƙwayoyin gadon kama naitirojin daga wata bakteriya zuwa wata, aka yi zaton hatsi ne na gaba. Fiye da shekara hamsin ke nan babu irin da ya kai gona. Naitirojines na buƙatar ƙwayoyin gado da dama su yi aiki tare a kan ma'auni, ganye cike yake da oksijin, ƙarfin da aikin zai ci kuma daga abin da zai zama tsaba za a cire shi. Abin da naitiroplast ya ƙara shi ne hujjar cewa ƙwayar halitta irin ta tsiro na iya riƙe wannan gaɓa, da kuma damar nazarin yadda ake aika mata furotin. Sai dai gansakukar ƙwaya ɗaya ce, ta kuma samu shekara miliyan 100 tana gyara zaman. Masara na da biliyoyin ƙwayoyi, kuma dole gaɓar ta bi ta cikin iri zuwa shukar baɗi. Masanan da suka yi binciken da kansu a matsayin abin nan gaba suka ambaci amfaninsa ga noma.

Abin da ke hannun manomi a yanzu shi ne dangin waccan bakteriya da aka iske a Atlantika, waɗanda ke gonarsa tun kaka da kakanni. Haɗa gero da wake a kunya ɗaya, ko bin masara da waken suya a shekara mai zuwa, cin moriyar wannan aiki ne. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan na haɗa garin Rhizobia mai suna NoduMax da ake shafa wa irin waken suya kafin shuka. Kamar a teku, a gona ma aikin ba ya tafiya sai da fosfaras, shi ya sa malaman gona ke ba da shawarar a sa wa wake da gyaɗa takin supa, mai ɗauke da fosfaras, maimakon yuriya.